Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Yadda Ake Raɗa wa Jiragen Sintiri Suna

Makon jiya mun tsaya a bakin tashar jiragen sojan ruwa ta Apapa. Kafin mu ci gaba, sai an san yadda Turanci ke kasa ƙananan jiragen sintiri, domin a nan masu rubutu suka fi tuntuɓe.

Abin da ake fara dubawa aikin jirgi ne da irin ruwan da yake iya jurewa, tsawo ya biyo baya. Wanda ke zaga gaɓa da bakin koguna, ya fita da safe ya dawo da dare, shi ne patrol boat. Wanda ke lulawa tsakiyar teku ya yi makonni, ɗauke da mai da abinci da wurin saukar jirgi mai saukar ungulu, shi ne offshore patrol vessel, a taƙaice OPV. NNS Centenary da NNS Unity (NNS laƙabin jiragen sojan ruwan Najeriya ne) da aka ƙera a Sin na wannan rukuni ne, kowanne mita 95. Fast attack craft kuwa ba ɗan sintiri ba ne, ɗan farmaki ne: ƙarami, mai gudu, da makamin da ya fi ƙarfin jikinsa.

Kalmar cutter ta masu gadin gaɓar Amurka ce. A wurinsu, duk jirgin da ya kai ƙafa 65 kuma yana da makwancin ma'aikata, cutter ne. Wanda bai kai ba, boat. Shi ya sa Chase, mai mita 115, yake cutter a can, amma da ya zo hannun Najeriya a 2011 ya koma NNS Thunder, aka shafa masa F90 a gefe.

Wannan harafi na gefe yana ruɗin mutane ƙwarai. P na sintiri ne, F na frigate, wato jirgin yaƙin da ya fi na sintiri girma da makamai, M na masu share nakiya. To amma Centenary F91 yake ɗauke da shi, alhali OPV ne. Wanda ya dogara da harafi kaɗai, sai ya ƙara wa jirgi girman da ba nasa ba.

Class kuma dangi ne, jiragen da aka ƙera a kan zane ɗaya. Yawanci sunan na farinsu ake kira, wani lokaci kuma jigo ɗaya ake bi, kamar River class na Ingila: Tyne, Severn, Mersey, duk koguna. Namu sun yi wannan da kyau. Ekpe, Damisa da Agu dabba ɗaya ce a harsuna uku, haka Dorina da Otobo. NNS Karaduwa da aka ƙera a Legas, aka ƙaddamar a 2016, sunan kogin nan na jihar Katsina ya ci.

Mako mai zuwa za mu shiga ɗakin inji.