Darussan da ake kira ƙanana a aji uku

Ina riƙe da aji uku a wata makarantar firamare a Tudun Wadan Zariya. Lissafi, Hausa, Turanci da kimiyya suna hannuna. Zane da sana'ar hannu, motsa jiki, Larabci da addini, da ɗan abin da ake taɓawa na kwamfuta kuwa, kowanne da malaminsa. Iyaye da yawa, har da wasu daga cikinmu malamai, "ƙananan darussa" suke kiran zane da motsa jiki. Da jarrabawa ta matso, ko taron malamai ya ci lokaci, su ake fara zaftarewa daga jadawali. Aikin nan ya koya mini cewa wannan zaftarewa ta fi cutar da yaran da suka fi buƙatar taimako.

Aji uku gaɓa ce mai wuya. A da, manufar ilimi ta ƙasa ta yi tanadin a koyar da yaro da harshen gida a shekaru ukun farko, daga aji huɗu Turanci ya karɓi ragama. Wanda ya tsallaka bai iya haɗa baƙi ba, bai kuma gane mene ne "sau" ba, da wuya ya cim ma tsara. Ni kuwa a cikin aji abin da yaro ya rubuta kawai nake gani. Wanda bai iya rubutu ba kamar rijiya ce da aka rufe, ban san zurfinta ba.

A filin wasa na fara ganin zurfin. Akwai wata yarinya da ba ta taɓa kawo mini teburin sau uku daidai ba, amma a carafke ba mai kama ƙafarta. Tana kwashe duwatsu bibbiyu, sannan uku-uku, kuma tun kafin ta jefa ta san nawa za su rage. Wannan ai rabawa ce da saura, abin da nake ta fama da shi a allo. Na samu malamin motsa jiki na ce, "Malam, don Allah idan za ka jera su, ka riƙa tambayarsu: layi huɗu, kowanne mutum shida, mu nawa ke nan?" Ya yi dariya ya ce ai abin bai fi ƙarfinsa ba. Daga baya duwatsun carafke suka shigo aji, muka koyi rabawa da su kafin mu taɓa alli.

Malamar zane kuma ta buɗe mini wata ƙofar. Ba ta cika sa yara kwafar hoton tuffa daga littafi ba. Cewa take su je su kalli adon da ke jikin ƙofar fadar Sarkin Zazzau, ko dagin Arewa, ko aska takwas a babbar rigar mahaifinsu, su zo su zana. Tana ba su labarin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na birni a ƙarni na 19, don su san gwanintar hannu gado ce a garin nan. Mai zana dagi dole ya daidaita dama da hagu, ya ƙirga lanƙwasa, ya riƙe fensir da natsuwa. Da idona na ga rubutun wasu ya miƙe bayan zango ɗaya, ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ ta daina ɓacewa. Sai dai nauyin da ke kanta ya yi yawa. Manhajar ilimin bai-ɗaya na shekara tara, wanda dokar 2004 ta kafa, ta haɗa zane da kiɗa da wasan kwaikwayo a darasi guda, alhali ita zane ta karanta.

Kwamfuta ba ni da dogon zance a kanta. In babu wuta, a kwali suke zana madannai, kuma ko banza sun ƙara sanin manyan baƙaƙe.

Wanda na fi ƙaruwa da shi shi ne malamin Larabci. Yawancin yaranmu suna zuwa makarantar allo ko Islamiyya da yamma, hannunsu ya saba tafiya daga dama zuwa hagu. Shi ya nuna mini cewa yaron da nake ganin ba ya riƙe komai ya haddace izu biyu, kuma ya riga ya san baƙi da wasali suna haɗuwa su ba da sauti. Sai na koma koya masa ba, bi, bu ta hanyar fataha da kisira da rufu'a, karatun boko ya soma shiga.

Yanzu duk ranar Alhamis bayan an tashi, mukan tsaya mu biyar a ofishin malamai, kowa ya faɗi abin da ya gani a yaran da suka fi ba mu damuwa. Na kuma roƙi hedimasta a daina ɗaukar lokacin zane da motsa jiki don bitar jarrabawa, ya amince da rabi. A ƙarshen shekara, takardar da zan miƙa wa malamin aji huɗu za ta ƙunshi bayanin malaman nan huɗu a kan kowane yaro, tare da makin da na ba shi.