Lissafin kalori a ajin ɗaga ƙarfe: inda agogon hannu yake ruɗin mu

Ƙannena masu zuwa gidajen motsa jiki a nan Maraɗi, kurakurai uku na yi a wannan harka, kuma ba na so ku maimaita su: na gaskata lambar kalori (ma'aunin ƙarfin da jiki yake samu daga abinci yake ƙonawa) da agogon hannu yake nunawa, na ɗauka zufa kitse ne yake narkewa, sannan na riƙa rama abin da na ƙona a kwanon abinci.

Ajin da nake nufi shi ne wanda ake taruwa ana bin kiɗa, kowa da sandar ƙarfe marar nauyi da faifai na kilo 1, 2 da rabi ko 5. Wanda ya fi suna shi ne BodyPump na kamfanin Les Mills da ke Niyu Zilan, mai minti 55 da waƙoƙi 10. Nauyin kaɗan ne, maimaitawar ce mai yawa, shi ya sa cinya take zafi kamar an zuba barkono. Amma zafin tsoka daban, yawan kalori daban.

Ga lissafin da za ku yi da biro. Masana suna da ma'auni mai suna MET. MET 1 shi ne abin da jiki yake ƙonawa kana zaune, wajen kalori 1 ga kowane kilo na nauyinka a awa guda. Ɗaga ƙarfe a tsaka-tsaki MET 3 da rabi ne, mai tsanani kuwa 6. Sai ka ninka MET da nauyinka da kuma awa. Wajen awar nan ake zamewa. Cire ɗumama jiki, miƙe gaɓoɓi a ƙarshe, da tsayawar canza faifai, aikin gaske bai wuce minti 45 ba, wato kashi uku cikin huɗu na awa. Mai kilo 70 zai samu kalori 184 idan a tsaka-tsaki ya yi, 315 idan ya matsa ƙwarai. Daga ciki a cire 52, don ko da kana kwance a tabarma za ka ƙona su. Ribar ajin ke nan tsakanin 130 da 260. Wanda bai daɗe da farawa ba, ko sandarsa ba ta da faifai sosai, ya ɗauki ƙaramar lambar.

To me ya sa agogo yake nuna 500 ko 600? Da bugun zuciya yake ƙiyasi, kuma ƙiyasin ya fi dacewa da gudu ko tuƙa keke, inda bugu da iskar da jiki yake sha suke tafiya tare. A ɗaga ƙarfe, damƙe sanda, riƙe numfashi da ɗaga hannu sama da kai duk suna hanzarta zuciya ba tare da jiki ya ƙona daidai da haka ba. Lanƙwasa wuyan hannu kuma yana rikita fitilar da ke karanta bugun. Ga zafinmu na Afrilu da Mayu, da yake haura digiri 40: jini yana komawa fata don sanyaya jiki, ruwa yana raguwa, zuciya ta ƙara sauri, agogo ya rubuta maka aikin da ba ka yi ba. A 2017 masu bincike a Jami'ar Sitanfod ta Amurka sun gwada irin waɗannan na'urori 7. A bugun zuciya yawancinsu sun yi kyau, amma a kalori wadda ta fi kusa da daidai ta kauce da kashi 27 cikin ɗari, ta ƙarshe da kashi 93.

Batun zufa gajere ne. Kilo 1 da ya ragu a sikeli bayan aji litar ruwa ce, ka sha ta dawo. Kilo 1 na kitse kuwa kusan kalori 7,700 ne, wato aji 30 ko fiye.

Kuskure na uku, wato ramawa a kwanon abinci, ya fi ci mini rai, don shi ne yake cinye wahalar mutum. Lemon kwalba mai santilita 33 kusan kalori 140 ne. Babban cokali na man gyaɗa 120. Soyayyar gyaɗa giram 100 ta kusa 600, kuma mu mutanen Maraɗi ba ma ƙirga gyaɗa cikin abinci. Fura da nono abinci ne mai kyau bayan aiki, sukarin da ake antayawa ne matsalar, kowane giram kalori 4.

Kada wannan ya sa ku bar ajin, don yana ƙarfafa tsoka da ƙashi. Ku samu ɗan littafi, ku rubuta kilo nawa kuka ɗora a tsuguno da na ƙirji, ku ƙara kaɗan idan kun gama waƙa bayanku a miƙe ba tare da wahala ba. Ku hau sikeli sau ɗaya a mako, da safe kafin karin kumallo, ku auna ƙugu da tef ɗin tela daidai cibiya. Bayan mako 6 sai ku duba: idan kilon sanda ya hau, ƙugu bai motsa ba, abincin dare za ku rage, ku fara da mai da sukari.