Daga tsakiyar fili zuwa bakin layi

Mutane suna ɗauka duk wadda ta iya wasa ta iya koyar da shi. Na buga ƙwallon kwando tun ina sakandare har na kai gasar mata ta ƙasa, ni ce mai raba ƙwallo, kuma a duk tsawon shekarun nan ban taɓa zama na tambayi kaina yadda nake yin abin da nake yi ba. Jiki ne ya sani. Da gwiwa ta ƙi, wata jami'a a Arewa ta ɗauke ni horar da 'yan matanta, a nan na gane abin da ke cikin jikina ba zai amfani kowa ba sai na mayar da shi magana.

Akwai wata doguwar yarinya 'yar aji ɗaya da ba ta taɓa riƙe ƙwallo ba sai da ta shigo jami'a. Ina daga bakin layi ina ɗaga murya, "Ki miƙa! Ki miƙa mata!" Ta tsaya cak, ƙwallo a ƙirji, ta ce, "Koci, yaushe zan san lokacin miƙawar ya yi?" Tambayar ta tsaya mini a rai. Kamar a tambayi tsohuwa gishiri nawa take sa wa miya ne, ta ce daidai misali. Daren nan na ɗauki biro na soma rubuta abin da idona yake gani in ina cikin fili: in mai tsaronki ta sa ƙafar dama gaba, ki bi ta wannan ɓangaren, don sai ta juya jikinta duka kafin ta tare ki. In ke ce mai tsaro, kada ki kalli ƙwallo ko idon abokiyar hamayya, ki kalli ƙugunta, shi ne ba ya yaudara. In mutum biyu suka taso miki, akwai taku ɗaya da babu kowa a kanta, lokacin miƙawa ke nan. Gwiwar hannu a ƙarƙashin ƙwallo, yatsu su raka ta har ta bar hannu. Littafin nan yana cikin jakata har yau, ina ƙara masa.

Sai kuma taƙaita baki. Dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, daƙiƙa 24 ta ba ƙungiya ta yi jifa, 8 ta tsallake tsakiyar fili, hutun da koci ke nema kuwa minti 1 ne. Yara suna haki, gumi na zuba, ba za su riƙe abu biyar ba. Abu ɗaya nake faɗa, in maimaita shi, in sallame su.

Ina bin labarin Dawn Staley ta Amurka sosai. Ta karɓi horar da matan jami'ar Temple a 2000 tana tsaka da buga wasa a WNBA, gasar ƙwararrun matan Amurka, ta ci zinaren Olamfik sau 3 a matsayin 'yar wasa, ta koma jami'ar South Carolina a 2008. Duk da wannan suna, sai 2017 ta ɗauki kofinta na farko na jami'o'in ƙasar, ta sake a 2022, a 2024 kuma suka buga wasa 38 ba a doke su ko sau ɗaya ba. Shekara 9 kafin kofin farko. Sai dai ita tana zagaya makarantu ta zaɓo wadda take so da alkawarin karatu kyauta. Ni wadda jarrabawar JAMB ta kawo ita ce tawa. Farkon kowane zango ina tsaye a ƙofar ɗakunan kwanan ɗalibai mata, in na hango mai tsayi sai in yi mata sallama.

Aikin da ya fi cin lokacina ma ba a fili yake ba, a zaure yake. Mahaifin wata da ta fi kowa hannu a cikinsu ya ce ba ta ƙara zuwa. Na shirya na je gidan, na gaishe shi yadda ya kamata. Ya ce, "Malama, karatu na tura ta, ban tura ta tsalle-tsalle da gajeren wando ba." Na ce, "Baba, gaskiyarka. Ga kayan da take sawa." Na fito da su daga leda na shimfiɗa a gabansa: dogon wando, riga mai dogon hannu, hijabin wasa da ba shi da fil ko allura. Na faɗa masa lokacin da muke atisaye, da cewa in an kira salla muna tsayawa, in za mu tafi gasar NUGA ta jami'o'in Najeriya kuma ɗakin da yara suke nan nake kwana. Ya daɗe yana juya hijabin a hannunsa. Ya ce, "Amana ce na ba ki." Ban ɗauki kalmar da wasa ba, kuma ba na ganin laifin uban da ya yi irin wannan tambaya. Koci ce ya kamata ta zo da amsa.

Ba kullum ake da wannan amsar ba. A 2014 matan ƙwallon kwandon Katar sun janye daga wasannin Asiya a Koriya ta Kudu saboda an hana su wasa da lulluɓi. Bilqis Abdul-Qaadir, wadda ta yi wasa da hijabi a jami'o'in Memphis da Indiana State, dokar nan ce ta tare mata hanyar zama ƙwararriya a ƙasashen waje. Sai a 2017 FIBA ta sauya doka. Ba don haka ba, da yawa daga cikin yarana ba za su taka fili ba.

Ɗalibai ne kafin su zama 'yan wasa. Wadda sakamakonta ya yi ƙasa tana zaman benci har ta gyara, ko da ita ce mai ci mana maki. Yajin aikin 2022 ya rufe jami'o'i wata 8, da aka dawo wasu sun yi aure, sauran numfashi ya ragu, muka faro daga gudu. Ko babu yajin aiki, ana cikin jin daɗin yarinya ta ƙware sai ta gama karatu ta tafi.

Lokacin wasannin Olamfik na Faris na 2024 mun kalli D'Tigress, tawagar matan Najeriya, tare a wayar kyaftin ɗinmu. Sun doke Ostareliya 75 da 62, suka doke Kanada 79 da 70, suka zama ƙungiyar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen kusa da na kusa da na ƙarshe a ƙwallon kwandon Olamfik. Wadda ke tsaye a bakin layi Rena Wakama ce, tsohuwar 'yar wasa da ta yi aikin mataimakiyar koci a jami'o'in Amurka, mace ta farko da aka damƙa wa tawagar a 2023. Da aka tashi, wata a cikin yarana ta tambaye ni yadda ake zama koci.

Tun daga nan duk ranar Alhamis nake miƙa usur ga ɗaya daga cikin 'yan ajin ƙarshe, ita za ta koya wa sababbi, ni in koma benci in saurara. Sharaɗina kada ta karɓi ƙwallo ta nuna da jikinta sai ta fara faɗa da baki. Biyu daga cikinsu suna horar da 'yan mata a makarantun sakandaren da aka tura su bautar ƙasa.