Ranar sunan jikana, ina Galmi

Talata

Yau aka raɗa wa jikana suna a Zariya, ni kuwa ina nan Galmi, ƙasar Adar ta Nijar, tsakanina da shi akwai iyaka da tafiyar yini guda cur. Haihuwar fari ce ga autata. Tun asuba abin yake cina, ko kunun karyawa ban iya shanyewa ba. Maigida ya lura amma bai tanka ba, sai da muka zauna addu'ar safe ya buɗe Zabura ta 71, inda mai zabura ke roƙon Allah kada ya yashe shi in ya tsufa ya yi furfura, har sai ya ba 'yan baya labarin ikonsa. Da ya rufe littafin ya ce, "Maman yara, in kuka ya zo miki ki yi abinki, ba zunubi ba ne." Na yi kuwa.

Taron suna yini ɗaya ne, ya wuce. Wankan jego ne ya tsaya mini a rai. A garinmu, can wajen Malumfashi, yarinya in haihuwar fari ta matso gida take komawa. Uwarta ce mai hura wuta ta dafa ruwa safe da yamma har kwana arba'in, ita ce mai dama kunu, mai gasa nama da yaji, mai karɓar jariri cikin dare don mai jego ta runtsa. Kirista da Musulmi duk haka muke yi. Haka uwata ta yi mini, haka na yi wa yayyenta. Ita kaɗai ce ta haihu ba na kusa, sai ƙanwata ta je ta tare a gidan. Da muka yi waya ranar da ta sauka, cewa ta yi, "Mama, ki zauna kan aikin Ubangiji, Inna tana kula da ni." Da ta yi mini ƙorafi, ina jin da abin ya fi mini sauƙi.

Ƙarfe takwas na shiga asibiti. Mishan ɗin Kirista mai suna SIM ne ya kafa shi tun 1950, kuma marasa lafiya suna zuwa daga Madawa da Ƙonni da Tawa, har da mutanenmu na Illela da Sakkwato. Ba na karɓar haihuwa yanzu, gwiwa da ido sun ƙi. Aikina zama da masu jego da tsofaffin da ke jinyarsu, kuma na gane a nan ne shekaruna suke da amfani.

An kwantar da wata yarinya daga wani ƙauye, sati uku da haihuwa, ƙafafu sun kumbura, numfashi yana yi mata wuya in ta kwanta. Na san ciwon tun ina aiki a gida. Likitoci a Zariya sun lura da shi tun shekarun 1970: kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, ga zafin ruwan wanka a kai, sai zuciyar mai jego ta gaji. Wata nas, yarinya mai ƙoƙari, ta yi wa kakar bayani jiya, tsohuwa ta kau da kai. Yau na ɗauko tabarma na zauna kusa da ita. Muka gaisa, na tambayi gida da gona da albasa, ta tambayi nawa 'ya'yan. Sai da hira ta yi nisa na ce, "Yaya, ni ma na sha kunun kanwa, na kuma dama wa nawa. Amma wannan yarinyar zuciyarta ba za ta ɗauka ba. A yi mata wanka da ruwa mai ɗumi, a bar kanwar, a rage gishiri a miya." Ta dube ni ta ce, "Ke da kika haifa kika aurar, ke ce za ki gaya mini in ji." Maganar ɗaya ce da ta jiya, ban ƙara komai ba. Furfurata ta saurara.

Kafin in tashi na tambaye ta ko in yi wa yarinyar addu'a. Ta san ni Kirista ce, kowa a nan ya sani. Ta ce in yi. Kullum sai na tambaya, kuma wanda ya ce a'a kulawata gare shi ba ta raguwa. Ba na son a taɓa cewa mun sayi kunnen mutum da magani.

Da rana ta take aka kira mu ta WhatsApp. Hoton yana tsayawa yana tafiya, amma na ga rumfa a tsakar gida, na ga matan Zumunta na ikkilisiya da ankonsu, na ji Fasto yana sa albarka. Sai aka faɗi suna, ashe maigida aka yi wa takwara. Mutumin da ya yi shekaru yana hedimasta, yara na rawar jiki in ya yi gyaran murya, yau ya rasa abin faɗa. Aka kawo jaririn gaban waya, mata suna ta tsokanata, "Ga angonki, amarya ta gudu Nijar!" Na yi dariya da hawaye. Na ga goshin gidanmu a fuskarsa, sai layin ya yanke, bai sake shiga ba sai bayan an watse.

Da la'asar maigida ya tafi ajinsa. Samari ne na ikkilisiya yake koya wa karatu da Littafi Mai Tsarki na Hausa, yawancinsu manoman albasa. Yanzu lokacin cire ta ne, gari duk warinta, manyan motoci na lodi zuwa Abijan da Ghana, don haka rabin ajin suna gona. Yakan bi su can ya zauna a gindin bishiya da allonsa.

Da dare muna shan iska a waje ya kawo zancen mutanen farko na mishan ɗin nan, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, da suka sauka Legas a 1893. Samari ne 'yan shekara ashirin da wani abu. A 1894 biyu suka rasu, Kent a Bida, Gowans a Girku, can kusa da Zariya. Na ce masa a zamaninsu 'ya'ya ne suka tafi suka bar iyaye, mu kuwa iyaye ne muka taho muka bar 'ya'ya. In an tashi addu'a a majami'a, mu ake ambata, mu ake yaba wa sadaukarwa. Ba a cika tuna 'yar da ta yi naƙuda ba uwarta, ko ɗan da ke rufe giɓin kuɗi in fanshonmu na naira ya narke a hannun 'yan canji. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, watanni suka yi cikin zullumi, ba su san ta yadda za su iso gare mu ba in wani abu ya faru. Ba su aka kira ba, amma tare da mu suke biya. Ina so ikkilisiyoyin da ke aika tsofaffi su riƙa leƙa gidajen da aka bari.

Ban yi da-na-sanin zuwa ba, ko kaɗan. Amma na gaya masa ina so in nemi izini in je in kama makonni biyu na ƙarshen arba'in, ko ruwan wanka ne in dafa mata da hannuna. Ya ce shi zai zauna da ajinsa, ni in tafi. Mun yi shawara in bi ta Maraɗi da Katsina, kuma da rana kawai, saboda halin da hanyoyi suke ciki. Zan rubuta takardar neman izinin da safe kafin in shiga wurin yarinyar nan in ga ko kumburin ya saɓe, daga nan in sa a nemo mini buhun albasa mai kyau da cuku na tsaraba.