Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Yadda Ruwan Legas Ya Haɗa Mu Ƙungiyar Bonsai

Makon jiya na tsaya a inda Kawu ya ɗauke ni aiki a lambun fulawarsa na bakin titi a Ikoyi, ina kwana a Obalende. To, a nan na fara ganin bonsai, wato bishiyar da ake reno a tukunya ana hana ta girma. Wani Bature da zai koma gida ne ya bar wa Kawu tukwane uku, kowace da bishiya a ciki. Tsayinta bai wuce kamu ɗaya ba, amma gindi ya yi kauri, ɓawo ya tsattsage kamar na tsamiyar ƙofar fada. Kawu ya ce, "Kai yaro, wannan ba fulawa ba ce. Kada ka kuskura ka yi mata ban-ruwa irin na sauran."

Daga Sin sana'ar ta faro, Japanawa suka karɓa suka ƙawata ta. Bayan girgizar ƙasar da ta rusa Tokyo a 1923, masu renon bonsai suka kwashe tukwanensu zuwa garin Omiya da ke arewa da Tokyo, a 1925 suka kafa unguwa guda ta sana'ar. Mu kuwa damina ce ta tara mu.

Kowa da abin da ya taho da shi daga gida. Wani mai gadi daga Agege yana da kuka, wani tela daga Idi-Araba yana da kariya, sai wani dattijo Bayerabe, tsohon malamin makaranta, da muke ce wa Baba. Ruwan Yuni da Yuli ya sauka ba ƙaƙƙautawa, saiwar kuka da ta kariya suka ruɓe, don itatuwan fari ne, ba su son ƙasa mai riƙe ruwa. Kowa ya rungumo tukunyarsa ya nufo Kawu. Tun muna jajanta wa juna har zaman ya zama na duk Lahadi bayan la'asar.

Akadama, ƙasar shuka da Japanawa ke amfani da ita, ta fi ƙarfin aljihunmu. Sai muka riƙa daka jan bulo, mu haɗa da gawayi da yashi mai tsakuwa, mu tankaɗe ƙurar. Ka zuba ruwa, nan take ya zurare ta ƙasan tukunya. Wayar lanƙwasa reshe kuma ta jan ƙarfe ce daga wurin masu gyaran lantarki, mu gasa ta a wuta ta yi laushi. Kuka muka mayar ƙarƙashin rumfa har ruwa ya ɗauke. Ni dai har gobe na fi ganin girman ceɗiya da durumi, don laimar Legas ta karɓe su, ceɗiya har saiwa take saukowa daga reshe.

Tukwane da adashe muka saye su, Baba ne mai riƙon kuɗi. Rigima ba ta taso ba sai ranar da wata hajiya daga Lekki ta taya kukar mai gadi. Wannan sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.