Yadda ake haɗa robar filafili don hawa kayak bayan ya kife

Kayak ƙaramin kwalekwale ne siriri. In ya kife a tsakiyar ruwa, juya shi ba wuya, komawa ciki ne aiki: da ka ɗora ƙirji sai ya sake birkicewa. Maganin shi ne a saka wa bakin filafili, wato sandar tuƙa jirgin, abin da ba ya nutsewa, ya zama madogara.

Kuskuren farko, soson katifa. Wannan shan ruwa yake yi. A nemi roba mai toshewar ƙofofi, irin ta tabarmar motsa jiki ko silifas mara nauyi. A gwada ta: a danna guntu cikin bokiti ya kwana, in aka matse da safe ruwa ya fito, a jefar.

A yanka falle biyu, kowanne tsawon santimita 45, faɗi 22, kauri 4. In robar siririya ce, a liƙa ta hawa-hawa da gam ɗin takalma. Falle biyun sun kusa lita 8, kuma lita ɗaya na ɗaga kusan kilo ɗaya a ruwa. A haɗa su, filafili zai shiga tsakani. Kada a dogara da gam kaɗai, zafin rana na sake shi. Mai gyaran jaka ya ɗinka musu riga da leda mai ƙarfi, da bel biyu kewaye, da na uku mai shaƙe wuyan filafili. Wannan na ukun shi ake mantawa, rashinsa kuwa ke sa igiyar ruwa ta zare robar daidai lokacin da ake buƙatarta.

Wajen hawa, filafili ya gitta jirgin a bayan wurin zama. Ka kwanta rub-da-ciki, fuska na kallon bayan jirgin, ƙafa ɗaya kan filafili, ka zura ƙafafu ciki, sannan ka juyo. Nauyinka ya tsaya ɓangaren robar har ka gama kwashe ruwa. Rabin galan da aka ɗaure da igiya ya isa kwashe ruwan.

Jirgin da ba shi da ɗakunan iska, a cusa masa jarkoki rufaffu gaba da baya, a ɗaure su.

Mu a Kaduna teku ya yi mana nisa, sai Legas, amma hannu a nan zai saba. A fara a ruwa kwantacce mara zurfi, tare da abokin da ya iya iyo, ba a kogin Kaduna cikin Agusta ba. Rigar kariya daga nutsewa kuwa, don Allah a sayi ta gaskiya, ita ba a haɗa ta a gida.