Karatun gida: hannu ya fara, alƙalami ya biyo baya

Ku rubuta wa yaro ɗan shekara bakwai wannan lissafi a takarda: 43 a ɗebe 17. Sau da yawa za ku ga ya rubuta 34, alhali amsar 26 ce. Idan kuka bi sawun tunaninsa za ku ga inda ya ratse. Ya dubi 3 da 7, ya ga bakwai ba za ta fita daga uku ba, sai ya juya su ya cire uku daga bakwai, ya sami huɗu. Ya cire ɗaya daga huɗu, ya sami uku. A wurinsa 43 alamomi biyu ne da suka zauna kusa da juna, bai san cewa huɗun nan arba'in take nufi ba. Ko sau goma aka maimaita masa "ka ari ɗaya daga maƙwabci", haddacewa kawai zai yi, bayan mako biyu kuma ya koma gidan jiya.

Maganin wannan yana cikin tsinke. A samo tsinke ɗari masu tsayi ɗaya, kamar tsawon yatsa, da zare ko ƴar roba ta ɗauri. Yaron da kansa zai ƙirga goma-goma ya ɗaure, kada a ɗaure masa. A raba farar takarda biyu da layi, hagu gidan ƙulli, dama gidan ɗaiɗaiku. Doka ɗaya ce tak: ɗaiɗaiku ba sa wuce tara a gidansu, da sun cika goma a ɗaure su, su ƙaura hagu. Yanzu a ce ya ajiye 43. Zai sa ƙulli huɗu da tsinke uku. A ce ya ba da goma sha bakwai. Zai miƙo ƙulli ɗaya, sannan ya tsaya yana kallon tsinke ukun nan, yana neman bakwai. Wannan tsayuwar ita ce darasin gaba ɗaya, kuma a nan ne yawancin iyaye ke ɓata shi, domin haƙuri yana ƙare musu, su miƙa hannu su kwance ƙullin. Ku bar shi. Minti ɗaya ko biyu na shiru ba asara ba ce. In ya cije sosai, tambaya ɗaya ta isa: "A ina kuma akwai tsinke?" Ranar da ya kwance ƙulli da hannunsa ya ga goma sun zube sun haɗu da ukun sun zama sha uku, ya gane abin da ake kira aro, kuma da wuya ya sake mantawa.

Sai dai tsinke ba wurin zama ba ne, hanya ce. Masanin ilimin nan na Amurka, Jerome Bruner, ya bayyana a shekarun 1960 cewa yaro kan kama abu ta matakai uku: ya yi shi da hannu, ya gan shi a hoto, sannan ya rubuta shi da alama. A kan wannan tsari aka gina koyar da lissafin firamare a Singafo. A aikace ga yadda yake: kwana uku ko huɗu ana aiki da tsinke kaɗai. Bayan nan yaro ya riƙa zana abin da ya yi, dogon layi a madadin ƙulli, ɗigo a madadin tsinke ɗaya. Daga nan ya rubuta lambobin a gefen zanen, har ranar da zai ce zanen yana ɓata masa lokaci. Kuskure iri biyu ake yi. Wasu gidajen suna tsallake matakin zane, sai yaro ya iya da tsinke amma ya kasa a takarda. Wasu kuma suna jin daɗin ganin yara na wasa da kaya, wata uku su wuce ba a rubuta komai ba. A ganina na biyun ya fi haɗari, domin daga waje kamar ana karatu, kowa na murna, sai an zo gwaji a tarar babu abin da ya zauna.

Haka abin yake a ilimin kimiyya, kuma babu gwajin da ya kai tsirar da iri arha da albarka. Ana buƙatar kwalba huɗu masu faɗin baki da ake ganin cikinsu, da tishu, da ƙwayar wake goma sha biyu. A jiƙa waken ya kwana, awa takwas zuwa sha biyu, kada ya wuce haka. A naɗe tishu a jikin kwalbar ta ciki, a cusa ƙwaya uku tsakanin tishun da gilashin, a tsakiyar tsayin kwalbar, yadda za a riƙa ganinsu. Dalilin sa uku shi ne wata ƙwayar matacciya ce tun asali, in ɗaya aka sa ta ƙi fitowa yaro zai ɗora laifin a kan abin da bai da laifi. Kwalba ta farko tishu mai danshi, a wuri mai haske. Ta biyu mai danshi, a cikin kabad mai duhu. Ta uku busasshiya ƙayau. Ta huɗu a cika ta da ruwa har ya shanye kan waken. Kowace kwalba ta bambanta da ta farko da abu ɗaya kacal. In aka canja abu biyu a lokaci guda, misali duhu da rashin ruwa, ba wanda zai iya cewa wanne ne ya jawo abin da aka gani.

Kafin a ajiye kwalaben, a tambayi yaro wacce zai tsira a cikinta, wacce ba zai tsira ba, kuma don me. Ya rubuta amsarsa, ko ya faɗa a rubuta masa da kalmominsa, ba tare da gyara ba. Kusan duk yara za su ce na cikin duhu ba zai fito ba, na cikin ruwa mai yawa kuma shi zai riga kowa. Kada ku ce uffan. Cikin kwana biyu zuwa huɗu, in akwai ɗumi, farar saiwa za ta fasa ɓawo ta nufi ƙasa, ita ce ke fara fitowa kafin tsiron sama. Na cikin duhu zai tsira sarai, domin abincin farko yana cikin ƙwayar kanta, amma bayan mako guda zai yi tsawo siriri, ganyensa ɗorawa-ɗorawa, ba kore ba. Na cikin ruwa zai kumbura ya ruɓe ya yi wari, saboda iri ma yana buƙatar iska. Gani ya kori ji. Yaron da hasashensa ya rushe a gaban idonsa yakan riƙe dalilin fiye da wanda aka gaya wa amsa tun farko. Kullum da safe ya ɗora rula a jikin gilashi ya auna saiwar, ya rubuta kwanan wata da santimita nawa. In saiwar ta kai santimita uku, a kwantar da kwalbar farko a gefenta, cikin kwana ɗaya ko biyu bakin saiwar zai lanƙwasa ya sake nufar ƙasa. Abin da ya fi lalata wannan gwaji shi ne yawan ruwa. Tishu ya zama mai danshi kawai, ruwan da ke gindin kwalba kada ya taɓa waken. In fumfuna ta fito, a canja tishu, a bar bakin kwalba a buɗe.

Gwajin ƙwai da gishiri ya fi sauri, minti goma ya gama. Sabon ƙwai yana nutsewa a kofin ruwa. A riƙa zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya-ɗaya, ana juyawa har ya narke, yaro na ƙirgawa. A kofi mai cin kwatan lita, wajen babban cokali biyu zuwa uku ne ke ɗaga ƙwan. In bai taso ba, yawanci gishirin ne ya kwanta a ƙasa bai narke ba. In kuma ya taso tun kafin a sa gishiri, ƙwan ya tsufa, iskar da ke cikinsa ta yi yawa, a canja wani.

Ga manyan yara, daga shekara tara zuwa sama, inuwa tana koyar da abin da littafi ke shan wuya a kansa. A kafa sanda a fili mai lebur, yadda mita ɗaya cif zai fito sama da ƙasa, a tabbatar ta miƙe ta hanyar rataya dutse da zare a gefenta. Duk bayan awa ɗaya a sa alama a ƙarshen inuwar, a auna. Za su ga tana raguwa har ta kai ga mafi gajarta, sannan ta fara tsawo ta ɗaya ɓangaren, kuma za su lura cewa gajartar ba lallai ta faɗo a ƙarfe sha biyu na agogo daidai ba. Daga nan sai a auna bishiya ba tare da an hau ta ba. In sanda mai mita ɗaya ta yi inuwa mita ɗaya da rabi, bishiya kuma ta yi inuwa mita tara, tsayin bishiyar mita shida ne. Sharaɗin shi ne a auna inuwoyin biyu a lokaci guda, domin jinkirin rabin awa da safe ko da yamma yana ɓata lissafin. Da irin wannan awon inuwa masanin Girka Eratosthenes ya ƙiyasta kewayen duniya a Masar fiye da shekara 2,200 da suka wuce, kuma yara na jin daɗin sanin haka bayan sun yi nasu awon.

A ɓangaren karatu da rubutu, Maria Montessori, malamar Italiya wadda ta buɗe makarantarta ta farko ta ƙananan yara a birnin Rum a 1907, ta sa yara suna bin siffar baƙaƙe masu kaushi da yatsa kafin su riƙe fensir. Faranti mai yashi kaɗan, kaurin rabin santimita, yana yin wannan aikin. Babba ya zana harafi yana furta sautinsa, yaro ya bi da yatsa yana furtawa, a girgiza faranti a sake. Harafi biyu ko uku a zama ɗaya sun isa. Kada a haɗa b da d a mako guda, haka ɓ da ɗ, sai ɗaya ya zauna daram a kawo ɗayan. Da yaro ya kama baƙi uku da wasali biyu, a fara haɗa gaɓoɓi, ba sai an kai ƙarshen abacada ba. Dalilin yashin shi ne yatsun ɗan shekara huɗu ba su gama ƙwari ba, in aka tilasta masa fensir zai haɗa wahalar riƙo da wahalar gane harafi, ya tsani duka biyun.

Akwai kuma lokacin da matsalar ba ta hanyar koyarwa ba ce, yaron ne bai kai ba. Jean Piaget, masanin tunanin yara ɗan ƙasar Switzerland, ya nuna cewa in aka juye ruwa daga gajeren kofi mai faɗi zuwa dogo siriri a gaban ƙaramin yaro, zai ce ruwan ya ƙaru, kuma yawanci sai wajen shekara bakwai wannan ke warwarewa. In kun gwada kun ga haka, ku jinkirta darasin awon lita, ku bar shi ya yi ta juye-juyen ruwa tsakanin kofuna. Faɗa ba ya gaggauta wannan.

Game da tsawon lokaci, Charlotte Mason, malamar Ingila da ta rasu a 1923, ta yi kira da a gajarta darasi ga ƙanana, minti goma zuwa ashirin, sannan yaro ya maimaita abin da ya ji da bakinsa. Ina tare da ita ɗari bisa ɗari. Yaro ɗaya a gaban babba ɗaya ba ya buƙatar awa shida na aji. Ga ɗan shekara biyar zuwa bakwai, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi na zaman karatu ya wadatar: lissafi da farko tun kai na sabo, sai karatu, a tashi a motsa jiki, sannan aikin hannu na ranar. Gwaji ɗaya a mako, wanda aka yi hasashe kafinsa aka rubuta bayansa, ya fi biyar da aka yi don kallo. In yaran shekarunsu sun bambanta, kada a raba musu batu, a raba musu aiki. A kan kwalbar wake ɗaya, ƙarami ya zana, na tsakiya ya auna, babba ya jera awon a jadawali ya lissafa tsawon da ake ƙaruwa a kullum. A haɗa kayan tun da dare a kwali ɗaya, domin minti biyar na neman almakashi ya isa hankalin yaro ya tafi. Ƙananan abubuwa irin wake da tsinke kuma a nisanta su daga ɗan ƙasa da shekara uku, suna shaƙewa.

Aikin hannu ba ya ɗauke haddar jadawalin sau. Yaro zai gane cewa 6 sau 7 layi shida ne na duwatsu bakwai-bakwai, amma kafin 42 ta riƙa zuwa masa nan take sai an maimaita. Tun 1885 masanin Jamus Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a farkon lokaci bayan koyo, kuma maimaici a rarrabe ya fi na zama ɗaya. Minti biyar kullum, ana komawa kan na jiya da na makon jiya, ya fi awa guda ranar ƙarshen mako. Haka kuma gida ba ya maye gurbin abokai, dole a tsara lokacin da yaro zai yi wasa da aiki tare da tsararsa.

Kowane yaro ya kasance da littafi ɗaya mai kauri inda komai ke shiga da kwanan wata: hasashe, zane, awo, da jimla ɗaya ko biyu na abin da ya gano. Kada a yage shafin da aka yi kuskure, a nan ake ganin inda ya faro. Wannan littafin yana da wani amfani kuma, domin dokar karatun gida ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka an halatta shi a dukan jihohi hamsin, kowace da nata sharuɗɗan. A Ingila ma halal ne. Faransa ta koma neman izini tun daga 2022, Jamus kuwa ta wajabta zuwa makaranta. Kafin a cire yaro daga aji a bincika abin da dokar wurin ta ce, a kuma san jarrabawar da zai zauna nan gaba da manhajarta, don a riƙa duba littafinsa da ita duk bayan wata uku a cike giɓin da aka gani.